Neman Aikin CNA a Amurka: Satifiket, Biza da Zaɓen Wurin Aiki

Duk wanda ya zauna cikin 'yan Afirka ta Yamma a unguwar Buronks ta birnin Niyok, ko a Hustan ta jihar Teksas, ko a garuruwan Merilan da ke gefen Washintan, ya san haruffa ukun nan, CNA, wato aikin mataimakiyar nas. Ita ce shawarar farko da ake ba baƙuwa tun ba ta gama warware gajiyar jirgi ba: "Ki yi CNA, wata biyu kin gama, aiki kuwa sai kin zaɓa." Daga can maganar ta tsallako gida ta WhatsApp da TikTok, ta canja kama a hanya, har ta koma wai akwai kwas ɗin da mutum zai yi yana zaune a Kano ko Kumasi ko Yamai, a ba shi satifiket, satifiket ɗin ya zame masa biza. Shawarar da ake ba baƙuwa gaskiya ce, sai dai da sauran bayani a bayanta. Wadda ta iso gida kuwa, da ita ake raba mutane da kuɗin gona da gwal ɗin aure.

CNA mataimakiyar nas ce wadda hukumar jiha ta jarraba, ta sa sunanta a rajista. Kusan tara cikin goma na masu yin aikin a gidajen kula da tsofaffi mata ne, ko da yake maza ma suna yi. Ita ke yi wa tsoho wanka da tsarki, ta canja masa famfas, ta sa masa kaya, ta ba shi abinci a baki in hannu ya daina aiki, ta juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Tana auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini, tana rubuta abin da mutum ya ci, da abin da ya sha, da abin da ya fitar. Ba ta yin allura, ba ta raba magani sai a jihohin da suka yarda bayan ƙarin horo. Amma ita ke fara lura cewa yau wance ba ta taɓa abincinta ba, ko dunduniyarta ta yi ja, ta kai wa nas labari. A gidan tsofaffi babu wanda ya kai ta daɗewa a gefen gado.

Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ya ce masu wannan aiki sun kai kimanin miliyan 1.4, kuma ana sa ran buɗewar gurabe sama da 200,000 a kowace shekara. A Mayun 2024 albashin tsaka-tsaki dala 39,530 ne a shekara, kusan dala 19 ke nan a awa, kafin a cire haraji. In aka juya shi zuwa naira ko sefa sai ya cika ido. A Niyok ko Washintan kuwa hayar gida kaɗai tana iya lashe rabinsa.

Daga ina waɗannan gurabe suke fitowa? Kaɗan ne daga cikinsu sababbi. Galibi guraben waɗanda suka ajiye aikin ne suka kama gabansu. A 2021 mujallar Health Affairs ta wallafa binciken Ashvin Gandhi da Huizi Yu da David Grabowski, waɗanda suka bi bayanan albashi na gidajen tsofaffi sama da 15,000 na shekarun 2017 da 2018. Sun gano cewa shiga da ficen masu aikin CNA ya kai kashi 129 cikin ɗari a shekara. A taƙaice, wurin da ke buƙatar mutum ɗari, kafin shekara ta zagayo ya ga tafiyar fiye da ɗari. Wannan fa tun kafin korona ta zo ta ƙara dagula lamarin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shirin Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, shi ke biya wa kusan shida cikin goma na mazauna gidajen, a kan farashin da jihohi suka yanka. Kusan kashi 70 cikin ɗari na gidajen kuma na 'yan kasuwa ne masu neman riba, kuma albashin ma'aikata shi ne babban abin da suke kashe wa kuɗi, don haka a nan ake matsewa. Sai a bar mutum ɗaya da aikin mutum biyu, bayanta ya ƙage, ta tafi, a sake liƙa tallar neman ma'aikata. Ƙididdigar gwamnati ta daɗe tana sa wannan aiki cikin waɗanda aka fi jin rauni a cikinsu a duk ƙasar.

Saboda haka wadda ke da iznin aiki da suna a rajista ba za ta daɗe tana nema ba. Wahalar tana wurare biyu: kafin a kai ga iznin, da kuma bayan an samu satifiket, wajen gane wurin da ya cancanci mutum ya ba shi ƙarfinsa.

Maganar biza

Babu wata biza a Amurka mai suna bizar CNA. Bizar ƙwararru ta H-1B ta ayyukan da ke buƙatar digiri ce, wannan kuwa ba ya cikinsu. Akwai sassaucin da Ma'aikatar Ƙwadago ta yi wa wasu ma'aikatan lafiya saboda ƙarancinsu, amma cikakkun nas-nas da likitocin gashin ƙashi ya shafa, bai haɗa da mataimaka ba. Ƙofar da ta rage ita ce rukunin EB-3 na ma'aikata marasa dogon horo. Doka ta ware wa wannan rukuni biza 10,000 kacal a shekara ga duniya baki ɗaya, har da mata da 'ya'yan masu nema, kuma a layi ɗaya ake tsayawa da masu neman aikin kamfanonin yanka kaji da na share-share. Kafin a kai nan sai mai ɗaukar aikin ya nuna wa gwamnati cewa ya tallata gurbin bai samu ɗan ƙasa ba, kuma doka ta ɗora masa kuɗin wannan mataki, ta hana shi karɓa daga hannun ma'aikaci. Jiran yakan ɗauki shekaru. Duk dillalin da ya ce ki turo miliyoyi zai samo miki "sifonsa", wato wanda zai ɗauki nauyin bizarki, cikin wata uku, ya san abin da yake yi, kuma ba taimakonki yake yi ba.

Ƙofar ta ƙara tsukewa. Tun zagayen 2015 aka cire Najeriya daga cacar biza ta shekara-shekara. A Yunin 2025 gwamnatin Donald Trump ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasar, a Disambar shekarar ta ƙara da Nijar, ta kuma dakatar da bizar zama da wasu nau'o'in biza ga 'yan Najeriya. Irin waɗannan dokoki suna canjawa, don haka shafin ofishin jakadanci ne abin dubawa, ba bakin dillali ba. Wasu kuma suna cakuɗa Amurka da Birtaniya. Birtaniya ce ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, ta hana su zuwa da iyali a Maris ɗin 2024, sannan ta rufe ɗauko su daga waje a Yulin 2025.

Mutanenmu da ake gani suna aikin CNA a can, da izninsu suka fara. Wasu sun samu girin kad, wato katin zama na dindindin, ta aure ko ta dangi ko ta caca, wasu 'yan gudun hijira ne, wasu suna da katin iznin aiki yayin da ake duba shari'arsu. Bizar ziyara ba ta halatta aiki. Akwai masu ba baƙuwa shawarar ta yi aiki da takardun wata, su raba albashi. Wannan shawara ce ta halaka. Jihohi da dama suna ɗaukar tambarin yatsu kafin a fara aiki, kuma a fom ɗin I-9 da kowane sabon ma'aikaci ke cikewa, wanda ya yi ƙaryar cewa shi ɗan ƙasa ne yana iya rufe wa kansa ƙofar samun takardun zama har abada.

Rajistar jiha

Tsarin ya samo asali ne daga wani rahoto da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 1986 kan halin da tsofaffi ke ciki a gidajen kula da su, inda ake ɗaure wasu a gado, ake danne wasu da magani. A Disambar 1987 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar gyaran gidajen. Daga ita aka wajabta wa duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ko Medicaid ya yi aiki da mataimakan da suka samu horon aƙalla awa 75, wanda 16 daga ciki na gwaji ne da hannu a gaban malami, suka ci jarrabawa, aka rubuta su a rajista. Jihohi suna da ikon ƙarawa. Niyok da Teksas awa 100 suke nema, Kalifoniya 160.

Kowace jiha da rajistarta, babu ta ƙasa baki ɗaya. Wadda ta ci jarrabawa a Teksas ta koma Minisota sai ta nemi a mayar da sunanta can, kuma wasu jihohin sukan nemi ƙarin sharaɗi. Daga nan za a gane matsayin kwasa-kwasan da ake tallatawa a Legas da Abuja da Akara da sunan "CNA ta ƙasa da ƙasa". Ilimin da aka koya zai yi amfani, ban musa ba, amma takardar ba za ta sa sunan kowa a rajistar wata jiha ta Amurka ba. Nas ɗin da ta gama makarantar koyon jinya a gida, tana da lasisi, hanyarta daban ce: a tantance takardunta, ta zauna jarrabawar NCLEX ta samun lasisin nas a Amurka. Kafin wannan ya kammala, wasu jihohin suna barinta ta zauna jarrabawar CNA ba tare da komawa aji ba. Fulorida ma tana barin wanda bai shiga aji ba ko kaɗan ya gwada sa'arsa.

Ana yin horon a kwalejojin al'umma, da makarantu masu zaman kansu, da cikin gidajen tsofaffin kansu, yawanci mako huɗu zuwa goma sha biyu. Kuɗin yana farawa daga 'yan ɗaruruwan daloli ya haura dubu. Kafin ki biya ko sisi, ki buɗe shafin hukumar jihar, ki ga sunan makarantar a jerin waɗanda aka amince da su. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo wasu makarantu a Fulorida da suka sayar da takardun aikin jinya na bogi sama da 7,600, kuma hukumomin jinya na jihohi suka bi masu takardun suna ƙwace lasisi. Wannan na nas-nas masu lasisi ne, ba na mataimaka ba, amma tun daga lokacin ido ya ƙara buɗewa a kan kowace takarda.

Akwai tanadin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma yana ƙona mini rai in ji baƙuwa ta ci bashi a kan abin da take da haƙƙin samu kyauta. Dokar tarayya ta ce in gidan tsofaffi ya ɗauke ki aiki, ko ya yi miki tayin aiki kafin ki fara horo, ba za a caje ki kuɗin horo ko littattafai ko jarrabawa ba. Gidan yana iya sa ki aiki har wata huɗu kina koyo. In kuma da kuɗinki kika yi, kika samu aiki a irin wannan gida cikin wata 12 da gamawa, kina da damar a mayar miki da kuɗin, ko wani kaso nasa, gwargwadon tsarin jihar. Ki adana rasit. Cibiyoyin samar da aiki na gwamnati da ke kowace jiha su ma sukan biya wa masu ƙaramin ƙarfi.

Jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta zaɓen amsa, tambayoyi 60 ko 70 a jihohi da dama, kuma ana iya neman a karanta wa mutum tambayoyin in karatun Turanci na ba shi wuya. Sai ta aiki, inda za a zaɓo ayyuka uku zuwa biyar a ce ki yi, mai jarrabawa na tsaye da takarda yana bin ki mataki-mataki. Kamfanoni irin su Prometric da Credentia ne ke gudanar da ita a madadin jihohi, kuma doka ta ba da damar gwadawa aƙalla sau uku. A ta aikin aka fi faɗuwa, kuma a kan ƙananan abubuwa. Wadda ta saba alwala sau biyar a rana za ta ɗauka wanke hannu ba abin koyo ba ne. Ga yadda suke so: a cuɗa da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, yatsu suna kallon ƙasa, hannu ko riga kada su taɓa cikin kwamin wanke hannun, a goge da takarda, sannan a ɗauki wata busasshiyar takardar a rufe famfo da ita. Kin rufe da hannunki, kin ɓata. Haka sauran. Ki ƙwanƙwasa ƙofa, ki kira mutum da sunansa, ki faɗi naki, ki gaya masa abin da za ki yi, ki ja labule. Kafin ki tayar da shi zuwa keke, ki danne birkin keken da na gado, ki tabbatar takalminsa ba mai santsi ba ne. In kin gama ki sauke gadon ƙasa, ki ajiye masa maɓallin kira inda hannunsa zai kai. Mantuwa da birki kaɗai tana iya kayar da mutum, don a wurin aiki wannan mantuwar karayar ƙugu ce ga tsohuwa mai shekara tamanin.

Inda za a kai takarda

Gidajen tsofaffi su suka fi saurin ɗaukar sabuwar hannu, wani lokacin a mako guda. Asibitoci sun fi inshora mai kyau da tallafin karatu, amma da yawansu sun fi son wadda ta yi wata shida ko shekara a wani wurin. Akwai gidajen da tsofaffi masu sauran ƙarfi ke zama, aikinsu ya fi sauƙi, albashin kuma yakan yi ƙasa. Akwai bin marasa lafiya gida-gida, mutum ɗaya a lokaci guda, sai dai awannin ba su da tabbas: ranar da aka kwantar da tsohuwar a asibiti, aikin wannan makon ya tafi. Ana nema ta shafin neman aiki na Indeed da shafukan asibitoci, amma zuwa da ƙafa har yanzu yana aiki a gidajen tsofaffi. Ki je da lambar rajista, da katin shaida da na iznin aiki, da sakamakon gwajin tarin fuka, da takardar allurar rigakafi, da katin horon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Za a binciki tarihinki na laifi, a wurare da dama har da gwajin ƙwaya.

Tambayoyin intabiyu ba su cika canjawa ba. In tsoho ya ƙi wanka fa? Ba a tilasta shi, haƙƙinsa ne ya ƙi. A lallaɓa, a dawo an jima, a sanar da nas, a rubuta. In kin tarar da mutum a ƙasa fa? Ba a ɗaga shi. A tsaya tare da shi, a kira nas ta duba. In aka tambaye ki ƙwarewa, kada ki ce ba ki da ita alhali kin yi shekaru kina jinyar kakarki ko surukarki mai shanyewar ɓarin jiki. Ki faɗa, ki bayyana abin da kike yi mata tun daga asuba. Kunya da kawaici ado ne a gida, amma a ɗakin intabiyu wadda ta sunkuyar da kai tana amsawa ƙasa-ƙasa, sai a ɗauka ba ta da tabbas a kan abin da take faɗa.

To, an ce an ɗauke ki. A nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci, don murna takan hana tambaya. Su ne fa ke neman ma'aikata ido rufe, ke kuwa kina da zaɓi. Tambaya ta farko: mutum nawa ake ba mataimakiya ɗaya a dutin safe, nawa a na yamma, nawa a na dare? Lissafin mai sauƙi ne. Dutin awa takwas minti 480 ne. In aka ba ki mutum 15, kowanne ya samu minti 32, a ciki za a yi wanka da sa kaya da ciyarwa sau biyu da kai wa bayi da juyawa, ba a cire hutunki da lokacin rubutu ba. Ba ya yiwuwa. Abin da ke faruwa shi ne a tsallake wani abu, ko ki ɗaga mutum ke kaɗai da injin da ƙa'ida ta ce mutum biyu ne za su riƙa, ranar da aka samu matsala kuma sunanki ne a takarda.

Gwamnatin Joe Biden ta yi yunƙurin sa iyaka a Afrilun 2024, ta ce kowane mazauni ya samu aƙalla awa 3.48 na kulawa a rana, 2.45 daga ciki daga hannun mataimaka. In aka baje wannan a kan duti uku, kusan mutum goma ke nan ga kowace mataimakiya. Masu gidajen suka garzaya kotu. A Afrilun 2025 wani alƙalin tarayya a Teksas ya soke ginshiƙan dokar, a Yulin shekarar majalisa ta ɗage aiwatar da ita zuwa 2034. Wasu jihohin suna da nasu ma'aunin, kamar Niyok da Kalifoniya masu awa 3.5, amma a wurare da yawa babu mai kare ki sai binciken da kika yi da kanki.

Binciken kuwa kyauta ne. Shafin Care Compare na Medicare yana ba kowane gidan tsofaffi taurari ɗaya zuwa biyar, yana nuna sakamakon masu duba-gari, da yawan ma'aikata, da adadin waɗanda suka bar aiki a shekara. An yi shi ne don iyalai masu neman inda za su kai iyayensu, amma mai neman aiki ta fi kowa buƙatarsa. Bayan shafin, ki nemi a zagaya da ke. Hanci zai gaya miki ko ana canja wa mutane famfas a kan lokaci. Ki ɗaga kai ki dubi fitilun kira da ke saman ƙofofi, nawa ne ke ci, kuma minti nawa suke yi kafin wani ya shiga. In kin samu wata mataimakiya a waje tana hutu, ki tambaye ta shekararta nawa a wurin. Ki tambayi ofis kwana nawa za ki bi wata tsohuwar hannu kafin a sake miki ɓangare, ko ana tilasta wa mutum zarcewa in mai karɓarsa bai zo ba, nawa ne ƙarin dare da na ƙarshen mako, yaushe inshorar lafiya za ta fara, kuma ko akwai ƙungiyar ƙwadago. A Niyok ƙungiyar 1199SEIU tana da asusun horo da ke taimaka wa mambobinta ƙaro karatu.

Wurin da ya yi tallar garaɓasar dubban daloli ga duk wanda ya sa hannu, a karanta takardar da kyau. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawanci kashi-kashi ake biya, kuma in kin tafi kafin wa'adi a ce ki dawo da shi. Haka manhajojin waya irin su ShiftKey da Clipboard Health, inda mutum ke zaɓar duti a gidaje daban-daban a kan kuɗin da ya fi na ma'aikatan wurin. Kuɗin awa ya fi tsoka, gaskiya ne. Amma in a matsayin 'yar kwangila aka ɗauke ki, mai karɓar fom ɗin haraji na 1099 maimakon W-2 na ma'aikata, ba a cire miki haraji, ke za ki biya da kanki, har da kashi 15.3 cikin ɗari na masu aikin kansu. Galibi babu inshorar lafiya, babu diyyar rauni a bakin aiki, babu ƙarin rabin albashi da doka ta ba ma'aikaci in ya haura awa 40 a mako. Kuma kullum baƙuwa ce ke a wurin da ba ki san wa ke shaƙewa da ruwa ba, wa ke duka in an taɓa shi. A ganina wannan ba aikin sabuwar hannu ba ne. A yi shekara a wuri ɗaya tukuna.

Addini, al'ada da abin da ke ɓata suna

Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa wurin aiki mai ma'aikata 15 zuwa sama ya yi wa ma'aikaci sassauci a kan addininsa, muddin ba zai jawo wa wurin babbar matsala ba. A 2015 Kotun Ƙoli ta ba Samantha Elauf gaskiya a kan kamfanin Abercrombie & Fitch da ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta, a 2023 kuma ta ƙara tsaurara sharaɗin da mai ɗaukar aiki zai cika kafin ya ƙi yin sassaucin. Don haka hijabi ba ya hana aiki. A zaɓi gajere wanda za a cusa cikin riga, marar fil, saboda mai gigin tsufa yana iya finciko shi. Salla ana yinta a lokacin hutu in an tsara da nas ɗin ɓangare. Hutun Idi a nema da wuri, kuma wadda ta karɓi dutin Kirsimeti ba ta rasa mai karɓar mata nata.

Abin da doka ba ta warware ba shi ne jinyar wanda ba jinsinki ba. Mazauniya tana iya cewa mace take so ta yi mata wanka, a yi ƙoƙarin biya mata. Ma'aikaciya kuwa tana iya roƙo, amma a dutin dare mai mataimaka biyu babu tabbacin za a raba mata maza da mata. Wannan tambaya ce da ya kamata mutum ya kai wa malaminsa, ya kuma yi wa kansa, kafin ya biya kuɗin makaranta. Masu bin gida-gida sun fi samun damar zaɓar mace, sai dai su ma su tambaya ko akwai kare a gidan.

Wasu kyawawan ɗabi'unmu suna iya zama laifi a can. Kiran tsohuwa "Mama" girmamawa ce a wurinmu, amma a horo ana koyar da a kira ta da sunan da ta zaɓa. In ɗan tsohuwa ya miƙo dala ashirin don jin daɗin yadda kike kula da uwarsa, a gida ƙin karɓa rashin ladabi ne, a can karɓar tana iya cin aikinki. Ɗaukar hoton mazauni a waya, ko da don a nuna wa 'yan gida wurin aiki ne, babban laifi ne. Rufa wa abokiyar aiki asiri in kin ga ta daki tsoho ko ta zage shi, shi ma laifi ne, doka ta wajabta kai rahoto. Rajistar nan da ta buɗe miki ƙofa, a cikinta ake rubuta wadda aka samu da cin zarafi ko sakaci ko taɓa kayan mazauni, kuma da an rubuta babu gidan da ke karɓar kuɗin gwamnati da zai sake ɗaukarta. Saboda haka abin da ba ki yi ba kada ki rubuta kin yi, ko da wa ya matsa miki. In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ki gaya wa nas, ki rubuta lokacin da kika gaya mata.

Masu ba da shawarar CNA sukan ce matakala ce, kuma haka ne ga wadda ta taka ta wuce. Karatun ƙaramar nas, LPN, kusan shekara ɗaya ne, albashinta na tsaka-tsaki a Mayun 2024 dala 62,340. Cikakkiyar nas, RN, shekara biyu zuwa huɗu, dala 93,600. Abin da ke tsayar da mutane a matakin farko shi ne dobul, duti biyu a jere, awa 16. Kuɗin obataim yana da daɗi, buƙatun gida ba sa ƙarewa, wannan na neman kuɗin makaranta, wancan na asibiti, ga gini an fara. Sai shekara biyar ta wuce ba a shiga aji ba, gwiwa da baya kuma sun fara magana. Wadda ke da niyyar ci gaba ta nemi wurin da ke biyan kuɗin karatu tun daga farko, ta sa a rubuta mata sharuɗɗan, ta kuma gaya wa 'yan gida gaskiyar abin da take samu da abin da take kashewa.

Rajistar kanta tana buƙatar kulawa. Gidan tsofaffi zai ba ki horon aƙalla awa 12 a kowace shekara, kuma yawancin jihohi duk shekara biyu ake sabuntawa. In mutum ya yi wata 24 a jere bai yi aikin jinya na albashi ba, sunansa ya faɗi, sai ya sake jarrabawa, a wasu jihohin har da komawa aji. Wadda za ta dawo gida ta daɗe, don aure ko haihuwa ko jinyar iyaye, ta duba ranar ƙarewar rajistarta kafin ta sayi tikiti, ta sabunta in lokaci ya kusa, ta kuma ajiye takardun albashinta na ƙarshe, don su za a nema a matsayin shaidar ta yi aiki.